Ba Kowane Kumburin Ciki Ne Juna Biyu Ba

A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, in cikin budurwa ya taso, bakin mutane yakan riga likita yanke hukunci. Alhali kuwa akwai wani ƙari da ke tsirowa a gidan ƙwan mace, daga irin ƙwan kansa, wanda ya fi kama 'yan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba. Yana girma da sauri, har cikin makonni kaɗan.

Abin mamaki, wani irinsa yana zuba wa jini sinadarin nan da awon ciki ke nema. Sai awo ya nuna ciki, yarinya kuwa ba ta san namiji ba. Abin da ke raba gardama shi ne hoton ciki da awon jini, irin na Asibitin Tarayya na Birnin Kudu.

Magani shi ne fiɗa. Tun 1809 wani likitan Amurka, Ephraim McDowell, ya cire wa wata mata ƙarin gidan ƙwai, ta rayu. Yau galibi gefen da ya kamu kaɗai ake cirewa, a bar mahaifa da ɗaya gefen, watau haihuwa ba ta yanke ba. In mugu ne, akan bi da allurai, mafi yawa kuwa suna warkewa.

Saboda haka, iyaye, asibiti tukuna kafin zargi. Jinkiri yana cin rai, zato yana cin mutunci.