Agadas ko Damagaram: wane birni ya fi jan hankalin matasa?

Duk wanda ya saba zama a tashar motar Tasawa ko ta Mayahi ya san cewa da yawa daga cikin matasan da ke saɓa jaka su nufi gabas, ɗayan birane biyu ne a ransu. Wasu a Damagaram za su sauka, tafiyar kilomita 110 da ƴan kai daga Tasawa. Wasu kuwa Damagaram zango ce kawai: daga nan za su kama hanyar Tanut da Adarbisinat, su ƙara kusan kilomita 450 kafin su hango hasumiyar masallacin Agadas. Idan sun dawo gida sai gardama ta kaure a fada wajen shan shayi: wane gari ya fi armashi, kuma a ina ne matashin da ba ɗan sarki ba, ba ɗan attajiri ba, zai iya yin abin kansa har a san da shi?

Hanyar da ta haɗa mu da biranen biyu tsohuwa ce. Ayarin raƙuman Abzinawa ya daɗe yana sauko da gishirin Bilma da dabino zuwa kasuwannin wannan yanki, ya koma da hatsi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ziyarci Agadas a watan Oktoban 1850, ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851, yayin da abokin tafiyarsa James Richardson ya nufi Damagaram. Har yau kuma Hausa ce harshen kasuwa a biranen biyu, don haka ɗan Tasawa ba ya buƙatar tafinta a ko'ina.

Abin da suka yi tarayya a kai

Agadas na cikin hamada sosai, a gindin duwatsun Abzin. Damagaram kuwa a bakin hamadar take, inda ake noma da damina amma ƙarancin ruwan sha ya daɗe yana addabar jama'a. Kowanne yana da sarki mai daraja ta ɗaya da tsohon gari na ginin ƙasa. A Agadas akwai babban masallaci mai hasumiyar laka da ta kai mita 27, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 16, kuma a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na duniya. A Damagaram akwai unguwar Birni da fadar sarki, da Zango mai gidajen da aka ƙawata da zane. Garin ya bunƙasa ƙwarai a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, kuma shi ne babban birnin Nijar a ƙarƙashin Faransa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da fadar mulki Yamai.

Wannan ita ce fuskar da ake nuna wa baƙo. Sai dai gardamar matasa ba a kan ganuwa da hasumiya take ba. Tana kan al'adun da suka tsiro a gefe, waɗanda ba fada ce ta haife su ba, ba kuma gwamnati ba. A nan ne biranen suka raba hanya.

Agadas: jitar ƴan gudun hijira ta zama tutar gari

Kiɗan jita na Abzinawa ya samo asali ne daga matasan da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. A lokacin tawayen farko, wanda ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, kasa-kasan mawaƙa irin su Abdallah Oumbadougou a ɓoye ake yawo da su, domin hukuma na kallon su a matsayin muryar ƴan tawaye. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, sai da ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso.

Bayan an ajiye makamai, kiɗan ya fito fili ya shiga gidajen biki. A Agadas ta yau, aure ko suna ba ya cika sai an kafa lasifika a kan titi, an ɗauko masu jita. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, wadda ƴan gida ɗaya suka kafa a 1995, a irin waɗannan bukukuwa ta yi shekaru tana neman abinci kafin ta fara zagaya Turai da Amurka. Bombino ya fitar da kundinsa mai suna Agadez a 2011, kuma a ƙarshen 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka saka cikin masu takarar lambar Grammy. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka bazu daga hannu zuwa hannu. A 2015 aka fitar da fim ɗin da ya fito a ciki, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek.

Ga wannan kuma ga bikin Biyanu da ake yi a watan Muharram, da taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, da maƙeran azurfa masu ƙera sarƙar nan da aka sani da sunan garin. Shi ya sa idan ana maganar jan hankalin baƙo daga nesa, Agadas ce a gaba.

Damagaram: gari mai barkwanci, matasa masu fushi

Damagaram ba a jita ta yi suna ba, a baki ta yi. Akwai wasan kara, inda matasa kan yi shigar sarki da fadawa da manyan gwamnati suna kwaikwayon su, jama'a na dariya, wanda Inoussa Ousseini ya yi fim a kansa a 1980. Akwai kuma wasan kwaikwayon Hausa na ƙungiyar Yazi Dogo, wadda daga gidan rediyon Damagaram ta shiga kusan kowane gida a Nijar tana zolayar maƙaryata, maciya amana da ma'aikatan da ba sa aiki. Ke nan garin ya san yadda ake faɗa wa babba gaskiya cikin raha.

Al'adar matasan da ta fi yin amo a shekarun baya-bayan nan kuwa ita ce ta ƴan "fale", daga kalmar Faransanci mai nufin fada. Gungu-gungu ne na samari marasa aikin yi da ke da wurin zamansu a unguwa, da sunansu, da shugabansu. An san su da ɗaga ƙarfe, da sayar da man fetur na sumoga daga Najeriya, wani lokacin da faɗa tsakanin unguwanni. Aïcha Macky, haifaffiyar garin, ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda tun asali aka ware wa kutare da mabarata, ta ɗauki fim mai suna Zinder da ya fito a 2021. Fim ɗin ya nuna mutanen da gari ke tsoro, ya kuma nuna cewa cikinsu akwai masu fafutukar barin wannan rayuwa su riƙe iyali. Ya zagaya bukukuwan finafinai na duniya, amma a cikin gari har yanzu kalmar "ɗan fale" ba yabo ba ce.

Ina bambancin yake?

Matasan biranen biyu daga tushe ɗaya suka taso: rashin aiki da jin cewa an manta da su. Mai jita a Agadas ya sami dandali da mai biyansa, wato gidan biki, sai abin da ya fara a matsayin ƙorafi ya koma sana'a. Ɗan fale a Damagaram ya sami abokai da suna a unguwa, amma bai sami kasuwar da za ta sayi abin da ya iya ba.

Wannan bai sa Agadas ta zama aljannar duniya ba. Arzikinta a kan hanya yake, kuma hanya na buɗewa tana rufewa. Yawon buɗe ido ya durƙushe bayan tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010. Zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta ja dubban matasa, ciki har da na jihar Maradi, wasu sun samu, wasu sun dawo hannu rabbana. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta tsayar da motoci da yawa kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. Ga tsadar rayuwa, tun da yawancin hatsin da ake ci a can daga kudu ake kai shi.

Damagaram kuwa ta fi Agadas yawan jama'a fiye da ninki biyu. Tana da jami'a, da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, da kasuwanci da Kano wanda bai dogara ga zuwan Bature ba. Ga ɗan Tasawa ko Mayahi, kusa take da gida: yana iya zuwa cin rani ya dawo ya tarar da shuka.

Don haka amsar ta danganta da abin da mutum ya je nema. Mai son kallo da kiɗa da haɗuwa da mutanen ƙasashe daban-daban, Agadas za ta fi burge shi. Mai neman wurin karatu ko sana'ar da zai daɗe a kai, Damagaram ta fi sauƙi. Magadan gari da masu unguwanni na Tasawa da Mayahi ma suna da abin dubawa a nan, domin fadojin matasa sun cika unguwanninmu, kuma cikinsu akwai mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo da masu haɗa bidiyo a waya. Gidan matasa mai wuta da lasifika, da masu biki da za su ɗauki ɗan gari su biya shi, ba su kai kuɗin da iyaye ke kashewa wajen neman ɗan da ya tafi arewa aka daina jin ɗuriyarsa ba.