Yoyon Ɗaki da Inshora: Wa Zai Biya Kayan Ɗakinki?

Yau hirar tamu a kan ruwa ce, amma ba na randa ba, wanda ke shigo mana ɗaka ba sallama. Kowaccenmu ta san daren malka a watan Agusta: kina barci ki ji ɗis, ɗis, ki tashi kina laluben roba, gari ya waye katifa ta jiƙe sharkaf, atamfofin lefe sun yi zuba a akwati. Wata kuma tankin sama ne ya fashe, ko bututun bayi ya tsage a cikin bango. To, idan gidan yana da inshora, za a biya?

Amsar tana ga yadda ruwan ya zo. Galibin kamfanoni suna biyan ɓarnar da ta auku farat ɗaya, wadda ba a zata ba: bututu ya fashe, tanki ya ɓalle, iska ta yaye kwano ruwa ya zubo. Amma yoyon da ya yi wata da watanni yana ɗiga, silin ya yi tabo, bango ya yi danshi har fenti yana ɓanɓarewa, wannan a wurinsu sakaci ne, ba sa biya. Kuma fa ana ganewa. Jami'in da za su turo ya kimanta asara, da ya ga katako ya ruɓe ko fumfuna ta kama bango ya san abin ba na jiya ba ne. Ni dai ban ga laifinsu sosai a nan ba. Mu ne muke wuni a ɗakin, mu muke fara ganin tabon. Ranar da kika gani, ranar za ki faɗa wa maigida, ki kuma yi ta tuni cikin lalama har a kira mai gyara. Ita ambaliya, sau da yawa sai an nemi a ƙara ta a yarjejeniya.

Ga inda na fi so ki kasa kunne, uwargida. Inshorar gini daban, ta kayan ciki daban. Ta gini bango da rufi da ƙofofi take karewa. Gadonki, kujerunki, kafet, sif, keken ɗinki, firjin da kike sana'ar ƙanƙara da shi, duk ba sa ciki sai an yi musu tasu. Kayan nan kuwa naki ne, iyayenki suka sha wahala suka jera miki. In gidan haya kuke, inshorar mai gidan ba ruwanta da ko cokalinki. Saboda haka ki tambayi maigida: tamu ta gini ce kaɗai, ko har da kaya? Gwal kuma a ambace shi da ƙimarsa tun farko, don akan iyakance abin da ake biya a kansa.

Na san wata za ta ce, Malama, ya halascin abin? Akwai takaful, tsarin da aka gina bisa shari'a: mahalarta su zuba gudummawa a asusu ɗaya, a taimaki wanda asara ta samu, in an yi rara a raba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A wannan shekarar ce kuma aka tsananta dokar cewa in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Takardar da wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, ba ta da amfani.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, fara kashe wutar ɗakin kafin ki taka ruwan, sannan a rufe ruwan daga tanki. Ki ɗauki hotuna da waya kafin ki share. Ki fitar da abin da za a iya ceta, amma kada ki zubar ko ki kyautar da wanda ya lalace sai an gani. A sanar da kamfani da wuri, don akwai wa'adi. Mai kimantawar yakan kasance namiji, sai a sa masa lokacin da maigida ko wani muharraminki yake nan, ke kuma ki ba da rubutaccen lissafin kayanki. Rasit ɗin nan da muke bari yara suna wasa da shi, a sa a leda, a ajiye can sama, nesa da bangon bayi.

Sai mun sake haɗuwa, a gaida yara.