Haruffa Masu Ƙugiya da Karin Harshen Yamma a Cikin Kwamfuta: Misalin Ƙonni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar. Wannan matsayi ya zo ne a lokacin da kusan duk abin da ake rubutawa, tun daga littafin koyon karatu na manya har zuwa jerin sunayen ɗalibai, sai ya bi ta cikin kwamfuta ko wayar salula kafin ya kai ga mai karatu. Saboda haka shawarar da masu rubuta manhaja suke yankewa a kan haruffa ta shafi aikin yaƙi da jahilci kai tsaye. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda na'ura take riƙe rubutun Hausa, da inda take tuntuɓe, tare da misalai daga gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jahar Tawa.

2. Daga maɗaba'a zuwa lamba

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun kafu a rubutun boko a Zariya cikin shekarun 1930. Taron UNESCO na Bamako a 1966, da taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, da dokar ma'aikatar ilimi ta 1999, duk sun tabbatar da su, kuma Nijar ta zaɓi ƴ a inda Najeriya take rubuta 'y.

Ita kwamfuta lamba kawai ta sani, kowane harafi da lambarsa. Tsarin ASCII na 1963 yana da gurbi 128, an kuwa cika su da bukatun Ingilishi. Tsarin Latin-1 na 1987 ya ƙara é, è, ç da makamantansu, ya wadatar da Faransanci, amma bai ba haruffanmu gurbi ba. Dabarar da masu buga littattafai suka yi a wancan zamani ita ce su zana ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Muddin takardar ta koma wata na'urar da ba ta da wannan zane, sai baƙuwar alamar ta fito a tsakiyar kalma. Da irin wannan aka yi fama a farkon shekarun 2010, lokacin da shirin DiLAF ya mayar da ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak na shirin Soutéba zuwa tsarin da kowace na'ura za ta iya karantawa.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya warware wannan ɓangare. A cikinsa ɓ tana da lamba U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4, manyansu ma kowanne da tasa.

3. Abin da ya rage

Samun lamba bai sa harafin ya isa hannun mai rubutu ba. Matsaloli huɗu ne suka fi fitowa fili.

(a) Allon bugawa. Na ofisoshinmu irin na Faransa ne, wato AZERTY, babu ƙugiya a kansa. Magatakarda sai ya zubar da ita, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɓari ya zama bari. Ƙwararren mai karatu yana gane nufi daga jimla, amma sabon ɗalibi, wanda aka koya wa cewa kowane harafi da sautinsa, yakan rikice.

(b) Gajeren saƙo. Saƙon salula ɗaya yana ɗaukar alama 160 idan haruffan na Turai ne. Shigar ƙ guda ɗaya tana sauya tsarin saƙon, adadin ya sauko zuwa 70. Ke nan mai rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai kuskure ya biya na ɗaya.

(c) Alamar hamza. A Hausa baƙi ce cikakkiya, kamar a sa'a da jama'a. A Faransanci kuwa tana nuna haɗuwar kalma biyu. Manhajar da aka gina bisa Faransanci takan tsinka sa'a ta ƙirga sa daban, a daban. Ƙari a kan haka, alamu uku masu kama da juna (U+0027, U+2019, U+02BC) suna yawo a rubuce-rubucenmu, sai mai neman kalma ya samu wasu wurare, wasu su ɓace masa.

(d) Jerin abacada. Idan na'ura ta jera kalmomi bisa lambarsu kawai, duk kalmar da ta fara da ɓ, ɗ ko ƙ za ta faɗa bayan z. Sai Ƙonni ta zo bayan Zinder, sunaye irin su Ɗanladi kuma su koma ƙarshen rajista. Akwai ƙa'idar jerin Hausa a ma'ajiyar CLDR ta Unicode, amma sai mai rubuta manhaja ya kira ta da gangan.

4. Karin harshe

Hausar Ƙonni, Galmi, Malbaza da Badagishiri ta yamma ce, dangin Sakkwatanci da Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991. Ga kaɗan daga bambancinta da daidaitacciyar Hausa:

fita : hita
fari : hwari
zauna : zamna
yana zuwa : shina zuwa
da suka zo : da sunka zo
wannan gida : gidan ga

Manhajojin gyaran rubutu, da na fassara (Google ya sa Hausa cikin nasa a 2013), da na mayar da magana rubutu, suna koyo ne daga tarin matani. Mafi yawan matanin Hausa da ke intanet na gidajen rediyo ne da jaridu, masu bin daidaitacciyar Hausa wadda aka gina bisa Kananci. Sakamakon haka, malamin da ya rubuta tatsuniya yadda wata tsohuwa ta Tsarnawa ta faɗe ta zai ga an ja layi ƙarƙashin sunka da shina kamar kurakurai ne, wani lokaci ma a sauya su ba da saninsa ba. Ga mai bincike wannan asara ce, domin shaidar da ya je nema ita ce aka goge. Ga manomin albasa na Galmi kuwa, na'urar da ba ta saba da lafazinsa ba za ta riƙa kuskuren jin abin da ya faɗa.

Dole a nan a bambance abu biyu. Littafin makaranta yana bin daidaitacciyar ƙa'ida, wannan ba a jayayya a kansa. Amma ma'ajiyar bincike tilas ta adana magana yadda aka furta ta, a kuma rubuta garin da aka ɗauko ta.

5. Shawarwari

Na farko, duk matanin da wata hukuma za ta buga ko ta adana ya kasance cikin Unicode, a kuma juya tsofaffin takardu kafin na'urorin da ke karanta su su mutu. Na biyu, a sa allon bugawa na Hausa a kwamfutocin cibiyoyin yaƙi da jahilci, a koya wa malamai inda ƙugiya take a wayoyinsu. Na uku, a tsayar da lamba ɗaya tak ga alamar hamza, a sanar da masu buga littattafai. Na huɗu, a tattara magana da rubutu daga waɗannan gundumomi uku, da izinin masu maganar, a jera kowace kalma ta yamma kusa da takwararta ta daidaitacciyar Hausa.

6. Kammalawa

Mai rubuta manhaja ba zai san cewa sunka Hausa ce ingantacciya ba sai masanin harshe ya ba shi jerin kalmomi da ƙa'ida a rubuce. Shirya wannan jeri aikinmu ne, kuma Ƙonni, da take bakin iyaka da Illela ta jihar Sakkwato, wuri ne da ya dace a fara, tunda abin da aka tattara a can zai amfani ƙasashen biyu.