Raƙuman dawa sun yi yawa a Kure: abin da ya shafe ku

Ya ku makiyaya masu gangarawa daga Agadez zuwa Dakoro da rani, ku sani akwai raƙuman dawa a gandun dajin Gadabeji. Kawo su aka yi.

A shekarar 1996, guda 49 kacal suka rage a Nijar, a wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai. Aka hana farautarsu, suka hayayyafa, har suka haura 600 a 2018. To amma dajin bai ƙaru ba, sai ma raguwa, don gonaki da saran itace sun cinye shi. Da ganye ya yi ƙaranci sai dabbar ta faɗa wa waken manoma da mangwaronsu, rigima ta tashi.

Kashe su haramun ne a doka. Shi ya sa a Nuwamban 2018 aka kama takwas, aka ɗora a mota, tafiyar kusan kilomita 800 har Gadabeji, inda fari da farauta suka ƙarar da su tun da daɗewa.

Mai shanu da tumaki, kwantar da hankalinka: raƙumin dawa ba ciyawa yake bi ba, saman itace yake ci. Mai raƙuma da awaki ne zai yi tarayya da shi a kan aduwa da farar ƙaya. Don haka ku daina sare reshe gaba ɗaya. Kakkaɓe ƴaƴan ya isa. Ku riƙe karnukanku. In kun ga wanda ya ji rauni, ku sanar da ma'aikatan gandun daji.