Yadda Ake Saƙa Suwaita Mai Ratsi-Ratsi Da Hannu

Hunturu ya kusa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin asambuli cikin watan Janairu ya san amfanin rigar sanyi. Bara na saƙa wa ƙanena mai shekara huɗu suwaita mai ratsin shuɗi da fari. Gwaggona ce ta koya mini, kuma sai da na warware ta sau biyu kafin ta yi kyau. Shi ya sa nake so in yi muku bayani, don kada ku yi asarar zare da lokaci kamar yadda na yi.

Kayan aikin ba su da yawa: allurar saƙa guda biyu (ni mai kaurin milimita 4 na yi amfani da ita), zaren ulu kala biyu, tef na awo, almakashi da babbar allurar ɗinki. Ku sayi zaren gaba ɗaya a lokaci guda. Idan ya ƙare kuka koma kasuwa, za ku iya samun shuɗin da ya ɗan bambanta da na farko, kuma a jikin riga bambancin yana fitowa fili.

Saƙa iri biyu ce tushen komai, ta gaba da ta baya. Idan kuka yi layi ɗaya ta gaba, layi ɗaya ta baya, fuskar rigar za ta fito sumul. Amma irin wannan saƙar bakinta yana nannaɗewa. Don haka ake fara ƙasan riga da bakin hannu da madauki ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, har kamar santimita 5. Wannan ne yake miƙewa ya koma kamar roba.

Kafin a fara rigar, sai an yi gwaji. Nan ne na fara kuskure, don gani nake ɓata lokaci ne. Na tashi da riga mai faɗin da za ta shiga Baba! Ku saƙa ɗan ƙyalle, ku ɗora tef, ku ƙirga madauki nawa ne a cikin santimita 10. Nawa 20 ne, wato biyu a kowace santimita. Ina son faɗin gaban rigar ya zama santimita 32, sai na yi 32 sau 2, na samu madauki 64. Baya ma haka. Na wata ɗaliba zai iya zama 18 ko 22, domin hannun wani yana matse zare fiye da na wani. Ashe lissafin da muke gudu a aji yana jiranmu a gida.

Yanzu ga maganar ratsi, wadda ita ce kwalliyar rigar. Ku sa yawan layukan kowane ratsi ya zama wanda biyu ke raba shi, kamar 2, 4 ko 6. Dalili kuwa, layi ɗaya tafiya ce, na biyu dawowa. Idan kuka yi shuɗi layi huɗu, za ku dawo gefen da kuka bar farin zare yana jiranku, sai ku ɗauke shi ku ci gaba, ba sai kun yanke ba. Idan kuka yi uku, za ku tsinci kanku a can, farin yana nan. Sannan ku riƙa canza kala a farkon layin da fuskar rigar take kallonku. Kuma kada ku ja zaren da ke hawa ta gefe da ƙarfi, gefen zai tattare. Ni a bayan littafin rubutu nake jan sanda ɗaya duk layin da na gama, saboda da zarar an kira ni aike na manta inda na tsaya.

Hannu kuma ana fara shi da madauki kaɗan, a riƙa ƙara ɗaya a kowane gefe bayan 'yan layuka, har ya buɗe. A ƙarshe a ɗinke ɓangarorin huɗu, a tabbata shuɗin gaba ya haɗu da shuɗin baya a gefe.

Wuya ne ya sa ni kuka. Na rufe saƙar da matsi sosai, kan yaron ya ƙi wucewa, yana ihu ina ja. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, ai kan yaro ya fi yadda kike zato girma." Na warware, na sake rufewa sakwa-sakwa, sannan ta shiga.

Idan an wanke, kada a rataye ta a igiya, nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. A shimfiɗa ta a kan tabarma mai tsabta a inuwa. Duk mai son ganin yadda ake riƙe allura, ina zuwa da tawa ranar Laraba lokacin tara.