Amfanin umarnin TRIM ga ma'ajiyar SSD

Idan ɗan kasuwar Darki da ke ƙaramar hukumar Wudil ya tura kuɗi ta POS, bayanan na sauka ne a manyan kwamfutocin banki, waɗanda da yawansu ke amfani da ma'ajiyar SSD.

Ita SSD ba ta rubuta sabon bayani a kan tsoho, sai ta fara share gurbin. Idan ba a sanar da ita guraben da aka daina amfani da su ba, saurinta kan ragu, ta kuma tsufa da wuri. Umarnin TRIM ne ke isar da wannan sanarwa, kuma Windows 7 ta zo da shi a 2009.

Lamarin ya fi wuya inda kwamfutoci da dama ke tarayya a ma'ajiya guda, kamar tsarin OCFS2 na kamfanin Oracle, wanda ya samu TRIM a 2011. Dole kwamfutar da za ta yi sharar ta kulle sashen tukuna, don kada ta goge gurbin da wata ta zuba wa bayanai.

Sai dai fayil ɗin da aka goge, TRIM ya bi ta kansa, da wuya ya dawo. Saboda haka ajiye kwafi a wani wuri wajibi ne.