Silon injin kwale-kwale: abin da durom ba ya nuna wa bakanike

A cikin ganuwar Kano babu ruwan da zai ɗauki kwale-kwale. Kogin Jakara ya daɗe da komawa magudana, kududdufan unguwanni kuwa ana ta cike su ana gini. Amma kwanan baya, ina wucewa ta wajen Ƙofar Ruwa, na tarar da injin jirgin ruwa, Yamaha mai ƙarfin doki 40, an saƙale shi a bakin durom cike da ruwa yana ta tari. Daga wajen Tiga mai shi ya taho da shi. Kukansa guda ne: "Oga, da na sassauta totur sai ya mutu." Bakaniken ya kasa kunne ɗan lokaci, ya ce, "Malam, silo ne."

Duk wanda ya taɓa riƙe babur ko ƙaramin janareta ya san silo: yadda inji ke juyawa a hankali shi kaɗai, ba tare da an ba shi wuta ba. Kafireta ce ke tsara wannan. A cikinta akwai wani maƙogwaro mai ƙunci. Idan iska ta ratsa shi da gudu sai ta zuƙo fetur ta tafi da shi, abin da masanin Italiya Giovanni Venturi ya bayyana tun 1797. Amma idan aka saki totur, ƙofar iskar kusan a rufe take, don haka man yakan bi ta wata 'yar kafa da ba ta fi bakin allura ba. Sukuru biyu ke mulkin wannan hanya. Ɗaya yana tokare ƙofar don kada ta rufe ruf, shi ke ɗaga gudun silo ko ya sauke shi. Ɗayan yana daidaita yawan mai da iska. Mafi yawan ɓarna daga rikita su take tasowa.

Makanikan Kano sun ƙware a wannan, shekarun acaɓa kafin hana shi a 2013 sun horar da kunnuwansu sosai. Sai dai injin ruwa yana da halinsa. Babur yana da birki, kwale-kwale ba shi da shi. Idan matuƙi ya doshi gaɓa, sassauta wuta yake yi ya sa giyar baya, farfela ta riƙe jirgin. Silo ya yi ƙasa, injin ya mutu daidai lokacin da ake neman sa, jirgin kuma ya ci gaba da tafiya da nauyinsa. Silo ya yi sama, giya ta shiga da ƙarfi, jirgin ya zabura, fasinjan da ke tsaye ya tangaɗa, haƙoran giya su riƙa cinyewa a hankali.

Ga yadda aikin yake idan za a yi shi da kyau. Ba a tayar da injin a bushe, domin robar da ke tura ruwan sanyaya shi takan ƙone nan da nan. Sai ƙafarsa tana cikin ruwa, ana kuma ganin siririn ruwan sanyaya shi yana tsartuwa ta baya. A bar shi ya yi zafi, a mayar da cok. Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya a duba fulogi da man da ke tanki. Irin wannan injin fetur ake gauraya masa da baƙin mai, galibi kashi 1 na baƙin mai cikin 50 na fetur, kuma yawancinsu ba su da matatar iska irin ta babur, saboda an ƙera su don kan ruwa inda ƙura ba ta da yawa. Mu kuwa muna da ƙurar hunturu, muna da man galan na 'yan bumburutu da kan zo da datti ko ruwa. Sau tari kafar silon ce ta toshe. Wanka take so, ba murɗa sukuru ba.

Idan ta fita tas, sai a shigar da sukurun mai a hankali har ya taɓa ƙasa, ba tare da matse shi ba, don bakinsa tsini ne mai saurin lalacewa. A dawo da shi gwargwadon da littafin injin ya faɗa, a yawancinsu tsakanin juyi ɗaya da biyu. Daga nan rubu'in juyi ake yi, a dakata, a saurara. Sai muryar injin ta daidaita sannan a koma kan sukurun gudu. Ƙananan injuna irin wannan sukan zauna tsakanin juyi 700 da 1,000 a minti.

Inda na fi so a lura shi ne nan. Hayaƙin injin ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ta tsakiyar farfela. Jirgin da aka loda wa buhuna da mutane yakan ƙara nutsewa, ruwa ya ƙara danne hayaƙin, silon ya sauka. Durom ba ya nuna wannan. Injin da ya yi lafiya lau a cikin gari zai iya mutuwa a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ko a Challawa, da zarar an sa giya.

Ban manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi fiye da kima aka ɗora wa alhakin. Tun daga ranar nake kallon duk abin da ya shafi waɗannan jirage da idon tausayi, har ƙaramin sukurun nan. Yanzu kuma da fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, matuƙi zai so sauke silo don ya rage shan mai. Abin da zai tsira da shi bai taka kara ya karya ba.

Bakaniken nan ya gama, ya ɗiga jan fenti a kan sukurun gudu. Ya ce wa mai injin, "Malam, idan ka koma ka yi lodi, ka sa giya tun kana ɗaure a gaɓa. In ya yi kamar zai mutu, ƙara masa rubu'i. Ɗayan kuwa kada ka taɓa shi."